Nasiha Ga Masu Kallon Ƙwallo: Hukuncin Da Muke Yanke Wa Tsohon Ɗan Baya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, duk lokacin da aka buɗe kasuwar 'yan wasa a Turai, akwai labarin da ba ya wucewa ba tare da ya tayar da ƙura a tsakanin magoya baya ba, wato a ji cewa ƙungiya ta ɗauko ɗan baya wanda shekarunsa suka ja. Tun kafin mutumin ya sa rigar ƙungiyar, an riga an gama yi masa shari'a a majalisu da gidajen kallo da shafukan Facebook: wannan ya ce ya ƙare, wancan ya ce ƙafarsa ta mutu, wani ya ce fansho ya zo ci, wani kuma ya ce a haɗa masa da sandar dogarawa. Hukuncin kallon ƙwallo kansa magana ce ta malamai, kuma sun yi ta. Tawa nasihar ga waɗanda suke kallon ne, a kan abin da bakinsu yake furtawa da abin da yatsunsu suke rubutawa.

Magoya bayan Chelsea, waɗanda suke da yawa a ƙasar Hausa tun zamanin Mikel Obi, za su iya tuna watan Agustan 2020. A kakar da ta gabata an zura wa ƙungiyar ƙwallo 54 a gasar Firimiya, kowa yana kukan cewa baya ta lalace, sai ga shi an ɗauko Thiago Silva, ɗan ƙasar Brazil, bayan kwantiraginsa da ƙungiyar Paris Saint-Germain (PSG) ta Faransa ya ƙare, ba a biya kuɗin sayensa ba, aka ba shi shekara ɗaya, yana dab da cika shekara 36. Kwanaki kaɗan kafin nan shi ne kyaftin ɗin da ya jagoranci PSG a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, inda Bayern Munich ta ci su ɗaya da nema. Duk da haka masu shakka sun samu abin riƙewa, domin gasar Ingila ta fi ta Faransa gudu da karo, kuma ba a saba ganin mai irin waɗannan shekaru ya fara buga ta ba.

Ranar 26 ga Satumba, a wasansa na farko a Firimiya, a gidan West Brom, aka ɗaura masa kambun kyaftin. Ana cikin zagayen farko ƙwallo ta kuɓuce masa a ƙafa, Callum Robinson na West Brom ya ɗauke ta ya jefa a raga, aka tafi hutun rabin lokaci ana cin Chelsea uku babu ko ɗaya, kafin daga baya ta farke a tashi uku da uku. A daren nan duk wanda ya ce ya ƙare ya ji kamar an yi masa shaida. Wata takwas bayan haka, ranar 29 ga Mayun 2021, Chelsea ta ci Manchester City ɗaya da nema a birnin Porto ta ɗauki Kofin Zakarun Turai, kuma Silva ne a tsakiyar 'yan baya ukun da kocin Chelsea na lokacin, Thomas Tuchel, ya dogara da su, ko da yake rauni ya fitar da shi kafin hutun rabin lokaci. Shekara ɗayan da aka ba shi ta zama huɗu, a kakar 2022 zuwa 2023 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan ƙungiyar yana da shekara 38, sannan a 2024 ya koma Fluminense a ƙasarsu.

Kada wani ya ɗauka na kawo wannan labari ne domin in ce duk tsohon ɗan baya da aka ɗauko zai yi kyau. Sergio Ramos ya bar Real Madrid zuwa PSG a 2021 yana da shekara 35, da kofuna da suna irin wanda kaɗan ne suka tara, amma rauni ya hana shi buga wasansa na farko har ƙarshen Nuwamba, kakar ta ƙare bai yi wasa da yawa ba. Waɗanda suka yi shakka a kansa hasashensu ya yi daidai a wannan shekarar. Shi kansa Silva an ba shi jan kati a watan Afrilun 2021, a wasan da West Brom ta ci Chelsea biyar da biyu. Saboda haka sakamakon fili ba shi ne ma'aunin da nake kira gare shi ba. Da Silva ya gaza a Landan ya tattara kayansa bayan wata shida, wanda ya yi masa izgili da tsufa yana nan da laifinsa, domin mala'ikan da yake rubutawa ba ya jiran a busa tashi kafin ya rubuta. Allah Maɗaukakin Sarki Ya ce a Suratu Ƙaf, aya ta 18, mutum ba ya furta wata magana face akwai mai tsaro a tare da shi, a shirye. Ayar ba ta ware maganar ƙwallo ba, kuma ba ta ware abin da aka rubuta da waya ba.

Akwai bambanci tsakanin sharhi da izgili, kuma duk mai hankali yana jin bambancin a ransa. Idan mutum ya ce ɗan baya mai shekara 36 zai sha wahala idan ƙungiya tana tura 'yan bayanta har tsakiyar fili, domin za a riƙa jefa ƙwallo a bayansa ana tsere da shi, wannan magana ce ta ilimi, ana iya karɓa ana iya mayar da martani. Idan ya ce kuɗin albashin ya fi dacewa a kashe shi a kan matashi, wannan ra'ayi ne mai hujja. Amma sanya hoton mutum a haɗa shi da keken guragu, ko a laƙaba masa sunan da ake dariya da shi, wannan shi ne abin da aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana, inda Allah Ya ce kada wasu mutane su yi wa wasu izgili, wataƙila waɗanda ake yi wa sun fi su alheri, kuma kada ku jefi juna da munanan laƙubba. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud ya hau bishiya domin ya ciro asuwaki, iska ta bayyana sirantar ƙwaurinsa, wasu suka yi dariya, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya musu cewa ƙafafun nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a kan mizani. Ba ina kwatanta ɗan ƙwallo da sahabi ba ne, Allah Ya tsare. Abin lura shi ne dariyar da aka yi wa ƙafafun mutum ba ta wuce ba sai da Annabi ya yi gyara a kanta.

Na san abin da wasu za su ce: ai ba Musulmi ba ne, kuma yana can Turai, bai san Hausa ba, maganarmu ba za ta taɓa isa kunnensa ba. To, a Suratul Ma'ida, aya ta 8, Allah Ya hore mu da cewa kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci, kuma wannan a kan waɗanda ake gaba da su ne, balle mutumin da bai yi mana komai ba sai neman abincinsa. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, an ce mumini ba mai yawan suka ba ne, ba mai yawan tsinuwa ba ne, ba mai alfasha ba ne, ba mai ƙazamin baki ba ne. Siffar mai maganar aka bayyana, ba a tambayi addinin wanda ake zagi ba. Sannan a gaskiya zagin ba ya tsayawa a kan ɗan wasan. Musu ne yake farawa a kan ko tsohon zai iya, kafin a ankara ya koma tsakanin mutum biyu da suke sallah a sahu ɗaya, wannan ya ce wancan bai san ƙwallo ba, wancan ya auna masa ashar, a shigo da iyayen da suke gida ba su san ma ana wasa ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa yana daga manyan zunubai mutum ya zagi iyayensa, da aka tambayi Annabi yadda hakan zai faru, ya ce ya zagi uban wani, shi kuma ya zagi ubansa, ya zagi uwar wani, shi kuma ya zagi uwarsa.

Wani abin da yake damuna ƙwarai shi ne rantsuwa. Sai ka ji yaro ya ce wallahi tallahi wannan tsohon ba zai kai Disamba ba, ko billahillazi sai ya jawo mana faɗuwa. Wa ya sanar da kai? Aya ta ƙarshe ta Suratu Luƙman ta ce babu ran da ya san abin da zai aikata gobe. Likitocin ƙungiya da suka auna zuciyar mutumin da gwiwarsa, da kocin da yake kallonsa kullum a wajen atisaye, su ma zato suke yi, shi ya sa suka ba shi shekara ɗaya su gani. Kai da kake kallonsa ta gilashin talabijin ka ɗauki sunan Allah ka ɗora a kan gaibu. Idan musun ya kai ga a ce kowa ya ajiye kuɗi, wanda maganarsa ta tabbata ya kwashe, to an fita daga wasa an shiga caca, kuma haramcinta a bayyane yake cikin Alƙur'ani.

Mafi yawan masu yanke wannan hukunci shekaru kawai suka gani, ba su san mutumin ba. Mutum nawa ne a cikin masu dariyar suka san cewa a 2005, yana matashi a Dynamo ta birnin Mosko, tarin fuka ya kama Silva, ya shafe watanni a kwance a asibiti a ƙasar da ba ya jin harshenta, har ana ganin ƙwallo ta ƙare masa? Daga wannan kwanciya ya tashi ya koma gida, ya je AC Milan ya ci gasar Italiya a 2011, ya yi shekara takwas a Faransa. Allah Ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da iliminsa, domin ji da gani da zuciya duk za a tambaye ka a kansu. Ko a ma'aunin ƙwallon ma, aikin ɗan baya na tsakiya ba gudu ne kaɗai ba. Rabinsa karanta wasa ne: ya san inda ƙwallo za ta faɗa kafin a buga ta, ya san lokacin da zai matsa gaba a kama abokin hamayya da satar gida, ya riƙa yi wa na kusa da shi magana yana daidaita su. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma wannan ne ya sa ɗan baya Pepe ya buga wa Fotugal gasar Turai ta 2024 yana da shekara 41. Kyamara tana bin ƙwallo ne, ba ta cika nuna harin da ya mutu tun kafin a fara shi saboda wani ya tsaya a inda ya dace ba.

A nan ne nake son matasa su tsaya su yi tunani sosai, domin ɗabi'a ba ta san iyakar gidan kallo ba. Wanda ya saba wa harshensa da cewa duk mai shekaru ya ƙare, da wannan harshen zai koma gida. Da shi zai yi magana a kan mahaifinsa idan ya fara mantuwa, da shi zai yi magana a kan limamin unguwa idan muryarsa ta yi rauni, da shi zai yi wa tsohon malamin makaranta ko dattijon da ya koya masa sana'a idan hannunsa ya fara rawa ya yi kuskure ɗaya a gaban mutane. Abin mamaki ma, wanda muke kira tsoho a fili ɗan shekara talatin da 'yan kai ne, wanda a gidajenmu yaya ne ko ƙanin uba. Idan wannan ya zama abin dariya, ina ga mai saba'in? Annabi ya ce, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, ba ya cikinmu wanda bai ji ƙan ƙaraminmu ba, kuma bai san haƙƙin babbanmu ba. A Suratur Rum, aya ta 54, Allah Ya bayyana cewa Shi ne Ya halicce mu daga rauni, Ya sanya ƙarfi bayan raunin, sannan Ya sanya rauni da furfura bayan ƙarfin. Mai shekara ashirin da yake rubuta izgilin yana tsakiyar wannan aya ne, ƙarshenta kuma yana jiransa idan Allah Ya ja kwana.

Haka nan idan tsohon ya yi kyau, a yi hattara da ɗaya ɓangaren. Bakin da ya ce ya ƙare a watan Satumba shi ne yake kiransa da sunayen da suka wuce gona da iri a watan Mayu, har ka ji ana faɗin kalmomin da ba su dace da wani mahaluki ba. Ɗan wasa ne da ya iya aikinsa, a yaba masa gwargwadon aikin.

Ga wanda ya san ya taɓa rubuta irin waɗannan maganganu, abin da zai yi ba mai wahala ba ne. Rubutun intanet ba ya mutuwa da kansa, duk wanda ya gani ya yi dariya ya tura wa wani, ana ƙara wa mai shi nauyi alhali shi ya manta da ya rubuta. Ya koma shafinsa ya binciko su ya goge, ya nemi gafarar Allah, idan kuma akwai abokin da suka yi zage-zage a kan wannan musu har suka daina gaisawa, ya neme shi tun kafin wasan mako mai zuwa, domin hadisin Buhari da Muslim bai halatta wa Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku ba, kuma ya ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara yin sallama.