Ranar da na saka Yaya a sifika

Kun dai san gidanmu na gado. Ruwan watan Agusta ya sa muka koma kwana da robobi biyar a ɗaki, har da bahon wankan jariri. Magini ya hau ya leƙa, ya sauko yana girgiza kai, wai faci ba zai yi ba, sai an ɗaye kwanon gaba ɗaya, a sauya katako, a ƙara bulo layi biyu. Lissafinsa ya tashi naira miliyan 3 da ɗoriya. Buhun sumintin da na sani a 5,000 a shekarar 2023, tuni ya haura 10,000.

Kofaretif ɗin ofis ban gama biyan bashin babur ba. Asusun gidajen nan da ake cire mana kashi 2.5 cikin 100 na albashi kuwa, an ce in cike fom, amma damina ba ta jiran fom. Da na ambaci rancen banki, Inna ta ce gara ruwan sama ya zubo mata a ka da ta kwana ƙarƙashin kuɗin ruwa. Shi ke nan, sai bankin Musulunci.

Wani saurayi mai nakatayel ya zaunar da ni ya yi min bayani. Su ba sa ba da kuɗi a hannu. Za su sayi kwano da katako da suminti, su sayar min da ribarsu, in riƙa biya wata-wata. Ana buƙatar bayanin asusuna na wata 6, takardar albashi, da wanda zai tsaya min.

Na gyara zama na ce wannan ai mai sauƙi ne, yayan matata babban ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Da na tsaya nan da na tsira. Amma don yaron ya san ba da ƙaramin mutum yake magana ba, sai na kira Yaya, na danna sifika, na ajiye wayar a kan tebur kamar wani kwamishina.

Muka gaisa lafiya lau. Na ce, "Yaya, ga ni a banki, za su yi maka 'yar tambaya." Yaron ya sunkuyo ya ce, "Ranka ya daɗe, ya ce kai za ka tsaya masa."

Shiru. Ina jin hayaniyar kasuwa, har da mai tallan fura.

Sai Yaya ya ce, "Samari, yana kusa da kai?" Kafin in buɗe baki ya ci gaba. "Mutumin kirki ne wallahi, sahun farko yake sallah. Amma tambaye shi kuɗin ragon layyar bara. 85,000. Ya ce ƙarshen wata. To, wane watan ne ban sani ba."

Na kai hannu in kashe sifikar. Gilashin wayar nan a fashe yake tun azumi, ba ya jin taɓi sai ya ga dama. Ina dangwala, ina dangwala, ashe ƙara nake ƙarowa. Muryar Yaya ta cika ofishin, yana lissafo kuɗin asibitin haihuwa da shaddar da na karɓa ta bikin ƙanina. Yaron ya duƙar da kai yana rubuce-rubuce a takardar da na ga babu komai a kanta, kafaɗunsa suna rawa.

Shi Yaya na yafe masa, kuɗinsa ne. Wanda ban yafe wa ba shi ne wani dattijo mai jar dara da ke kujerar jira, yana cin goro. Ba wanda ya saka da shi. Yaya na faɗin 85,000, sai ya ce, "Subhanallahi," da ƙarfi, kamar an sanar da rasuwa. Da aka zo kan shadda ya tambaya, "Yadi nawa?" Yaya kuma ya ji shi ta wayar, ya amsa masa, "Goma, Baba!" Suka shiga hira ta kaina. Da na fito ya biyo ni har inda na ajiye babur, wai yana tuna min layya ba ta hau kan marar hali ba. Na ce na gode, Baba. Ya ce in har ta Ƙofar Nasarawa zan bi, in rage masa hanya. Kuma na ɗauke shi, wannan ne ke ci min rai har yau. A hanya ma bai yi shiru ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Uwargida ba ta ce uffan ba, ta dai saka ni a adashensu na mata da sunanta, zubin 20,000 duk wata. Kwasarmu ce ta ƙarshe, sai Janairu, lokacin da ko ɗigo babu.

Na sayo tamfol a Sabon Gari, mun danne da tsofaffin tayoyi. Robobin sun koma uku. Jiya Yaya ya kira sau biyu, wayar ta ƙi ɗauka, kuma wannan karon ban matsa mata ba.