A kan mujiya aka yaga wa yarinya littafi

Tun jiya raina a ɓace yake, kuma ba zan yi shiru ba. Duk wanda ya je sunan nan na unguwarmu ya ga abin da aka yi wa 'yata. Yarinya 'yar shekara shida tana zaune a bakin tabarma da littafinta, wata gwaggo ta fizge ta yaga shi gida biyu, wai an zana mujiya a ciki, wai za ta jawo wa jaririya mugun abu. Wannan zalunci ne, ba tarbiyya ba.

Jaka uku na sefa na saye shi a nan Garwa ta Kamaru, da Faransanci, don na nema da Hausa ko Fulatanci ban samu ba. Mujiya ce ke tsaron ɗakin karatu da dare, jemage da bushiya suna zuwa aron littafi. Shi ke nan laifinsa. Yarinyar da a da sai an yi kokawa kafin ta buɗe littafin makaranta, ita ce yanzu idan an ɗauke wuta take ɗauko tocila ta shiga gidan sauro, tana bin haruffa da ɗan yatsa, leɓenta na motsi. Karatu take yi, jama'a, karatu.

An ce mini al'ada ce. To al'adar ta wuce maganar Manzon Allah (SAW)? A Buhari da Muslim hadisin yana nan, ya kore camfi, ya ambaci "hama", wadda malamai da yawa suka fassara da camfa mujiya. An kuma ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gwaggo, da girmanki, me kika hango a takarda da fenti? Jaririya lafiyarta ƙalau, wadda ta kwana tana kuka ita ce mai littafin.

Ita mujiyar ma me ta yi mana? Ɓerayen da ke cinye mana dawa a rumbu su ne abincinta. Ƙasusuwan wuyanta 14, namu 7, shi ya sa take juya kai har kamar za ta kalli bayanta, gashin fiffikenta kuma mai laushi ne, shi ya sa ba a jin tashinta. Ikon Allah ne. 'Yata ce ta sa na nemo wannan, don kullum da tambayarta. Yaro ya fara tambaya, mu kuma sai mu toshe masa baki da tsoro, gobe mu zo muna ƙorafi yaranmu ba sa son karatu. Wa ya yaga littafin?

Na liƙe shi da salatif, idon mujiyar ɗaya ya ɗan karkace, ta karɓa ta rungume.

Af, wai cikinku babu mai iya zane ne? Ga dorina a kogin Binuwai, wuni take a ruwa, da dare ta fito kiwo, ga kurayen gandun dajin Waza, ga jemagun da ke cika bishiyoyi su watse da magariba. In akwai mai zane ya yi mini magana, ni zan rubuta labarin da Hausa, dorina za mu fara.