Tarihi ne, kar a taɓa

Alhaji ya sayi wani tsohon otal a bakin kogi a Yamai, inda ake hango gadar Kennedy daga baranda, ya ɗauko Injiniya ta gyara ɗakin cin abinci. Baba Kuku kuwa, tare da ginin aka saye shi.

ALHAJI: Injiniya, a tone karon nan kaf. A sa mai ƙyalli irin na Dubai, wanda mutum zai duƙa ya ga haƙoransa.

INJINIYA: Alhaji, karon siminti ne na da. Ka zagaye kasuwar Katako sau bakwai ba ka samun irinsa. Wankewa za a yi, a goge.

BABA KUKU: Allah ya yi miki albarka, ɗiyata.

INJINIYA: Shidan nan da suka tsage kaɗai za mu canja.

BABA KUKU: Na janye albarkata. Wannan tsagar, tukunyar miya ce ta faɗi shekarar da aka buɗe gada, 1970. Daga hannuna ta suɓuce. Tarihi ne.

ALHAJI: To gurgun teburin can fa?

BABA KUKU: Ministocin Shugaba Diori sun ci tsire a kansa. Marfin kwalbar da ya tokare ƙafarsa ma, kar a taɓa.

Injiniya ta sa bakin wuƙa ta kankari bango: kore, shuɗi, wani koren kuma (kowane mai otal da launin motarsa), sai can ƙasa ga ruwan ƙwai.

INJINIYA: Ga launin asali. Shi za mu maido, a kankare baƙin can na sama.

BABA KUKU: Wane baƙi?

INJINIYA: Hayaƙi ne, Baba.

BABA KUKU: Hayaƙina ne. Fiye da shekara 50 ina tara abina, rana ɗaya ki zo da wuƙa?

ALHAJI: Ni dai a toshe ramukan bangon nan, a sa gilashi da kilim huɗu.

INJINIYA: Da gangan aka yi su, Alhaji. Iskar kogi ta shigo ta ƙasa, zafi ya fice ta sama.

ALHAJI: Iska kyauta? Sai a ce ba ni da kuɗi!

Ɗif! Aka ɗauke wuta. Watan Afrilu ne, ba wanda ya ko ɗaga kai. Alhaji ya tuɓe babbar riga, ya ja kujera sannu-sannu har gindin ramukan.

ALHAJI: To... a bar su. Amma a shafa musu ruwan zinare, a share yanar gizon nan.

BABA KUKU: Gizon? Alhaji, ka ji tsoron Allah. Kakansa tun mulkin Kunce yake wannan ramin.