Nasiha Ga Ƙungiyoyin Mata Masu Agaza Wa Waɗanda Ruwa Ya Raba Da Gidajensu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayenmu mata, amirori, malaman Islamiyya da duk 'yan uwa masu hidima saboda Allah.

Muslim ya ruwaito daga Jarir bin Abdullah cewa wata rana da hantsi wasu mutane 'yan ƙabilar Mudar suka iso Madina, babu takalmi, babu suturar kirki. Da Manzon Allah (SAW) ya ga halin da suke ciki sai fuskarsa ta canza. Ya sa Bilal ya kira salla, ya yi salla, sannan ya yi wa mutane huɗuba: mai dinari ya kawo, mai dirhami ya kawo, mai tufa, mai alkama, mai dabino, ko da tsagin dabino ɗaya ne. Wani mutumin Ansar ya fara zuwa da ƙunshin da hannunsa ke neman gazawa, jama'a suka biyo baya, har aka tara tsibi biyu, ɗaya na abinci ɗaya na tufafi, fuskar Annabi (SAW) tana walƙiya don farin ciki. Ku lura, sai da aka dubi mutanen tukuna, kuma abin da aka tara shi ne abin da suka rasa.

A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya shiga Gwange, fadar Shehu, Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, dubun dubatan iyalai suka bar gidajensu da tufar jikinsu kaɗai. A ƙarshen watan Mayu 2025 garin Mokwa na jihar Neja ya ga nasa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa masu rai da mafi alheri. A irin wannan rana mata ne ke fara ɗora tukunya, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: tun zamanin 'Yan Taru na Nana Asma'u mata suke haɗa kai a ƙarƙashin jaji, wato malamar da ke jagorantarsu, kuma FOMWAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, tana aiki tun 1985. Zuciyar bayarwa akwai ta, alhamdu lillah. Abin da ke ƙaranci shi ne tsari, kuma sadakar da ba ta da tsari tana iya cutar da wanda aka nufa da ita.

Mu fara da tufafi, don nan ne aka fi zamewa. Da an ji labarin ambaliya sai kowa ta buɗe akwati ta zazzage abin da ta gaji da shi: leshin biki mai duwatsu, takalmi mai tsini, rigar da zif ɗinta ya mutu. Ko a Amurka, bayan guguwar Katrina ta 2005, ma'aikatan agaji sun sha fama da tulin tsofaffin tufafin da babu mai hannun tantance su, kuma har yau roƙonsu bayan kowace guguwa shi ne a ba da kuɗi. Allah Ya riga Ya yi mana magana a Suratul Baƙara aya ta 267, cewa kada mu nufi mummuna mu ciyar daga gare shi alhali mu kanmu ba za mu karɓe shi ba sai mun runtse ido. Matar da ruwa ya kora tana buƙatar zani biyu, hijabi biyu, kamfai da rigar nono sababbi, silifas, da audugar mata ko ƙyallen ƙunzugu mai tsabta da sabulun wanke shi. A wanke duk abin da ba sabo ba, a ware na mata, na maza, na yara gwargwadon shekaru, a ɗaure a rubuta a jikin ƙunshin tun daga gida. Buhun da aka kai sansani a cakuɗe, zubewa yake yi a ƙasa ana wawaso, rabinsa ya ƙare a cikin taɓo. Maganar auduga kuwa, sai mace ta tambayi 'yar uwarta a keɓe, don babu wadda za ta faɗa wa namiji mai riƙe da takarda a gaban layi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa ake buƙatarku a wurin.

Kafin a raba komai a yi rajista. Mata biyu-biyu su bi wurin da mutane ke kwana, da sassafe kafin a watse, su rubuta gida-gida: sunan uwar gida, mutum nawa ke ci a tukunyarta, yara nawa 'yan ƙasa da shekara 5, akwai mai ciki ko mai jego, akwai tsoho ko mai lalura, akwai mai shan maganin hawan jini ko ciwon suga da ruwa ya tafi da maganinsa. Gidan da ke da mata biyu ko uku a rubuta kowace da 'ya'yanta daban, in ba haka ba kason zai tsaya a ɗaki ɗaya. A ba kowane gida kati mai lamba. Kada kuma a tsaya a makarantar da aka tsugunar da mutane kawai. Da yawa suna raɓe a gidajen 'yan uwa, gidan mutum takwas ya koma na ashirin, mai masauki yana ci da su daga buhunsa har ya ƙare, kuma babu motar agajin da ke tsayawa a ƙofarsa. Mai unguwa da limamin masallacin unguwa sun san waɗannan gidaje.

Ranar rabo ita ce mafi haɗari. A watan Maris 2024 mata sun rasu a turmutsutsu wurin rabon sadaka a Bauchi, a watan Disamba na shekarar kuma aka sake ganin irinsa a Ibadan, Abuja da Okija. Don haka ba a shelar rabo a Facebook ko a lasifika, ba a kuma raba kaya daga bayan mota. A ƙulla kason kowane gida tun daren jiya. A sami wuri mai ƙofar shiga daban da ta fita, a zaunar da mutane a inuwa, a riƙa kiran lamba ashirin-ashirin, a fara da tsofaffi da masu ciki. 'Yan agaji maza su tsare ƙofa, amma miƙawa hannu da hannu mata su yi wa mata. Akwai marasa tsoron Allah da ke amfani da katin abinci su nemi 'yan mata da zawarawa da lalata, kuma hanyar toshe wannan ita ce kada a bar namiji shi kaɗai da rajista ko da sito.

Dafaffen abinci na kwanakin farko ne, lokacin da babu murhu. Shinkafar da aka ƙulle a leda da zafinta tun safe, aka raba bayan la'asar, ta riga ta lalace ko da ba ta yi wari ba, gara a dafa kusa da wurin a ci cikin awa biyu. Yara ƙanana da masu jego kunun gyaɗa ko koko mai ɗumi ya fi musu. Da an samu natsuwa a koma ɗanyen abinci, a haɗa da tukunya, ludayi, kwanuka da gawayi, don an sha ganin mace da mudun shinkafa a hannu ba ta da abin dafawa, sai ta sayar da shi a rabin kuɗi. Ma'aunin ma'aikatan agaji shi ne kusan giram 450 na hatsi, giram 60 na wake da giram 25 na mai ga mutum ɗaya a rana. Gida mai mutum 6 ke nan yana cin kilo 81 na hatsi a wata, wake wajen kilo 11, mai wajen lita 5, ban da gishiri. Ku yi wannan lissafi kafin ku yi alkawari. Ƙungiyar da ta ɗauki gida 30 ta riƙe su wata uku ta fi wadda ta raba wa mutum dubu taliya ɗai-ɗai ta tafi.

Ruwan sha shi ne abin da ke kashewa bayan ambaliya ta janye, don shadda da rijiya sun haɗu. Ba a yi wata guda da ɓallewar Alau ba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Kowane mutum yana buƙatar aƙalla lita 15 a rana don sha, girki da tsarki. A ba kowane gida jarka biyu masu murfi da ƙaramin baki, don bokiti buɗaɗɗe kowa na tsoma moɗa da hannu a ciki. Ruwa mai dauɗa a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, sannan a tafasa har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin daidai yadda aka rubuta a jikin takardarsa a jira minti 30. Kulorin ba ya aiki sosai a gurɓataccen ruwan da ba a tace ba. Idan gudawa ta fara, a ba da ruwan gishiri da sukari na leda, in babu a haɗa: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Cika gishiri yana cutar da yaro, a auna. Wanda gudawarsa ta zama kamar ruwan shinkafa, ko idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, asibiti za a kai shi nan take ana ba shi ruwan a hanya. Bayan gida ɗaya ga mutum 20, na mata daban, da sakata ta ciki da fitila, nesa da rijiya da aƙalla mita 30. In babu fitila mata za su daina shan ruwa da yamma don gudun fita da dare, kuma wannan ma ciwo ne.

Don Allah kada a raba madarar gwangwani ta jarirai da bulumboti haka kawai. Niyya mai kyau ce, amma a wurin da ruwa ba shi da tsabta ita ce hanyar gudawar da ke ɗauke jariri cikin kwana biyu. Firgici yana iya sa nono ya yi jinkirin zubowa, amma ba ya ƙafar da shi: a ciyar da uwa, a ba ta ruwa, a kange mata wuri da labule, ta ci gaba da sa jariri a nono. Jaririn da ya rasa uwa a haɗa shi da ma'aikatan lafiya. Yara daga wata 6 zuwa shekara 5 a auna damtsensu da tef ɗin tamowa, wanda ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, a kai shi cibiyar lafiya ranar. Gidan sauro kuma kada ya yi jinkiri, kwantaccen ruwa sauro yake haifarwa.

Yanzu ga abin da ya fi nauyi a mizani. Allah Ya ce a Baƙara aya ta 264 kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa. Ɗaukar hoton dattijuwa tana miƙo hannu, ko bidiyonta tana kuka ana ce mata ta yi wa Hajiya godiya, cutarwa ce ko da an kira shi shaida ga masu ba da gudummawa. Wannan matar makon jiya tana da ɗakinta, da kayan jerenta, da sana'arta, ita ma tana ba almajiri. In ana son shaida a ɗauki kayan da rasit. Bayin Allah na cikin Suratul Insan cewa suke yi, muna ciyar da ku ne don Allah kaɗai, ba ma neman sakamako ko godiya daga gare ku. A zauna a tabarmarta, a gaishe ta da sunan da ake girmama ta da shi, a yi mata jaje kafin a buɗe littafi. A kula da mai takaba musamman, wadda ruwa ya ci mijinta kuma gidan da za ta zauna wata huɗu da kwana goma babu shi: a nema mata wuri mai sutura a wajen danginta ko wata dattijuwa, a kai mata kasonta har inda take.

Kuɗin da aka tara amana ne. Ba na anko ba ne, ba na buga riga mai sunan ƙungiya ba, ba na lemon taro ba. A buɗe asusu da sa hannun mutum biyu, ma'aji ta rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita, a karanta wa membobi kowane mako. Abin da aka karɓa da sunan masu ambaliya ba a juya shi zuwa wani aikin, komai kyansa, sai da izinin masu bayarwa. Masu tambaya ko zakka tana halatta, hadisin Ƙabisa da Muslim ya ruwaito ya ambaci wanda annoba ta cinye dukiyarsa cikin waɗanda aka halatta wa neman taimako har ya samu abin tsayuwa, don haka ko jiya mai hali ne, yau yana cikin mabuƙata. A ware kuɗin zakka a shafi daban, a damƙa shi ga masu shi, kada a biya kuɗin mota da shi. A kuma sanar da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha inda ake aiki, don kada ƙungiya biyar su taru a sansani ɗaya wani yana can ba kowa.

Mako na farko kowa yana zuwa. Daga mako na uku motoci sun ragu, ana son buɗe makarantar da mutane ke kwana, sai a ce kowa ya koma gida, gidan da katangarsa ta faɗi. Annabi (SAW) ya ce aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Tun ranar farko a raba abin da aka tara kashi uku, a kashe ɗaya a gaggawa, a riƙe biyu. A raba aikin ma, kowace mace kwana biyu a mako da yardar gidanta, don kada kowa ta gaji lokaci ɗaya. Kason ƙarshe na komawa ne: tsintsiya, bokiti da maganin wanke ɗaki, a yashe rijiya a sa mata kulorin kafin a sha, a taya neman sabon katin riga-kafin yara da takardun makaranta, a saya musu yunifom. Sannan a tambayi kowace mace sana'ar da take yi kafin ruwa. Mai ƙosai a ba ta kasko, mai da wake na mako guda, mai ɗinki a gyara mata kekenta da ya yi tsatsa, mai kitso ko saƙar hula a ba ta jarin da za ta fara, a sa mata biyu daga ƙungiya su riƙa leƙa ta duk Juma'a har damina ta gaba.