Editoci, ku bar tsofaffin fina-finai a yadda aka ɗauke su

Duk mai kallon tsofaffin fina-finan Hausa a YouTube ya sha cin karo da wannan: jarumi siriri ya koma kakkaura, tayar mota ta zama kamar ƙwai. Mai kyamara bai yi laifi ba. Editan da ya ɗora fim ɗin ne ya ja hoton hagu da dama don ya cika allo.

Tun daga Turmin Danya na 1990 har zamanin faifan CD, galibin fina-finanmu da ma'aunin 4:3 (wato faɗi huɗu, tsayi uku) aka ɗauke su, na talabijin mai ƙeya. Allon yau 16:9 ne. In aka ja tsohon hoto ya cika sabon allo, kowace fuska sai ta ƙara faɗi da kashi ɗaya bisa uku. In kuwa aka zuƙo shi, kashi ɗaya bisa huɗu na tsayinsa ya tafi, a datse hula da ɗankwali daga sama, a cinye fassarar Turanci daga ƙasa. Manhajojin da ake aiki da su, Premiere Pro ne ko DaVinci Resolve ko CapCut, duk suna ba edita damar ajiye hoto a ma'auninsa na asali. Ra'ayina shi ne a ajiye shi haka, ko da baƙi zai bayyana a gefe. YouTube ma da kansa yake daidaita tagar kallo da ma'aunin bidiyon da aka ba shi.

Na san hujjar editoci, kuma ba ta banza ba ce. A waya ake kallo yanzu, hoton da bai cika allo ba ƙarami yake fitowa, matasa kuma su wuce shi da yatsa. Kallo shi ne kuɗi. Amma a duba abin da ake yi wa fim idan za a kai shi TikTok, inda ma'aunin yake 9:16. Hoton 16:9 mai faɗin ɗigo 1920, kusan 608 ne ke saura. Fiye da kashi biyu bisa uku ya salwanta. Adobe ta kawo Auto Reframe a 2019 don ya riƙa bin abin da ke motsi, yana yanka da kansa. To, a ce uwa ce ke wa 'yarta faɗa a tsakar gida. Uwar ce ke ɗaga hannu, ita manhajar za ta fi bi. Alhali darakta ya sa su a hoto ɗaya ne don a ga 'yar ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Da an yanke ta, sai ka ga mace tana yi wa bango masifa.

Don haka in gajeren talla za a yi, a yanka, amma edita ya zauna ya bi fitowa-fitowa da hannunsa. Cikakken fim kuwa a ƙyale shi.

Abin da ya fi damuna shi ne kaset ɗin VHS lalacewa yake yi, faifai yana karcewa. Sau da yawa abin da aka ɗora a intanet shi mutane ke saukewa, su sake ɗorawa, su tura wa juna. Wata rana gurɓataccen kwafin nan ne kaɗai zai rage. Wanda aka ja ana iya matse shi ya dawo daidai, wanda aka datse kuwa ba manhajar da za ta dawo da abin da aka yar. Furodusan da ke da tsohon kaset a ajiye ya sa a juye masa shi a 4:3, ya adana wannan kwafin daban kafin edita ya taɓa shi.