Ba laifin kamfani kaɗai ba ne

A labarin da kuka buga kun ce batiran sigarin lantarki na saurin mutuwa ne don kamfanoni sun rage inganci. Da gaskiyarku, amma ba ita ke nan ba. Batirin lithium ne irin na waya, ko na asali ne bayan caji 300 zuwa 500 ƙarfinsa kan ja da baya. Mai caji sau biyu a yini kafin shekara ya cinye wannan adadin. Ga kuma zafi, wanda labarin bai ko taɓo ba. A Afrilu a Kano ko Sakkwato yakan haura digiri 40, mutum ya bar abin a gaban mota rana na dukansa, da dare ya jona ya kwana a wuta. Ta yaya zai yi ƙarko? Malam da ka ce a yi ta amfani da shi har ya mutu murus, don Allah a daina ba da wannan shawara. Batirin 18650 (dogon nan da ake iya cirewa daga wasu sigarin lantarki) da ya kumbura, ko ledar jikinsa ta yage ƙarfe ya fito, in ya haɗu da makulli a aljihu yana iya kamawa da wuta, cinya ce za ta ƙone. Abin da ya fi damuna shi ne matattun batiran. Birtaniya ta hana sayar da sigarin lantarkin da ake yarwa in ya ƙare tun Yunin 2025, mu kuwa a bola ake zubarwa, yara na tsinta. Wa ke da alhakin tattara su?