Majalisar jiha ko 'yan amshin shata?

Duk lokacin da aka yi maganar mulkin jiha, gwamna kawai muke kallo, kamar shi kaɗai tsarin mulki ya sani. Alhali tsarin mulkin 1999 ya raba iko gida uku a sashe na 4, na 5 da na 6: majalisa ta yi doka, gwamna ya aiwatar, kotu ta yi hukunci. An raba ne don kowa ya taka wa ɗan'uwansa birki.

Ni a ganina inda abin ya fi lalacewa majalisar dokokin jiha ce. Ku dubi Kano. A watan Mayun 2019, cikin 'yan kwanaki majalisa ta zartar da dokar ƙirƙirar masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye, Ganduje ya sa hannu. A ranar 23 ga Mayun 2024 majalisar ta rushe su, Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. Ba ina maganar wa ke da gaskiya a rikicin sarauta ba, kowa da nasa gwanin. Abin tambaya shi ne, a duka biyun yaushe aka zauna aka saurari talakawan da abin ya shafa? Da gwamna ya kaɗa ganga, sai kawai ka ji "masu goyon baya su ce e", guduma ta sauka.

Da majalisa ta yi sakaci, sai kaya ya faɗo kan kotu. Nan ma muka ga Babbar Kotun Tarayya da Babbar Kotun Jiha suna ba da umarni masu karo da juna, har Alƙalin Alƙalan ƙasa ya gayyaci shugabanninsu.

Tushen matsalar kuɗi ne. A 2010 majalisun jihohi da kansu suka ƙi amincewa da 'yancin riƙe kuɗinsu. Sai 2018 Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya ba majalisu da kotunan jihohi wannan 'yanci, kuma duk da haka ma'aikatan shari'a sai da suka rufe kotuna sama da wata biyu a 2021 saboda gwamnoni sun ƙi sakin mara.

Mu ma da laifinmu. A yawancin jihohi ranar zaɓe ɗaya ake kaɗa ƙuri'ar gwamna da ta ɗan majalisa, mu kuwa sai mu yi "sak". Wanda ya shiga majalisa a rigar gwamna, da wane bakin zai tambaye shi yadda aka kashe kasafin bara?